Shawarwari ga Mai Son Rainon Agugun Ado a Inuwar Gida

Da wuya a shiga gida a Gusau, Tsafe ko Bungudu a rasa wani lungu da rana ba ta daɗewa a cikinsa: bayan ɗaki, gindin randa, ƙarƙashin mangwaro, ko tsakanin katanga da kicin. An gwada fulawa a wurin ta ƙi fure, an gwada tumatir ya yi tsawon banza ya kwanta, daga nan aka bar wa tsofaffin bokitai. To irin wannan lungu ne agugun ado yake nema. Shi ne shukar nan mai dogayen rassa kore shar, kowane reshe da ƙananan ganye jere hagu da dama kamar haƙoran matsefi, wadda masu sayar da furanni ke kira fan. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya, adonsa duka a ganyensa yake. Danginsa sun haura iri 10,000 a duniya, kuma masana sun ga sawunsu a jikin duwatsun da suka wuce shekara miliyan 350.

Ɗan kurmi ne. A kudancin Nijeriya da kansa yake fitowa a jikin itacen kwakwar manja, ba mai ba shi ruwa. Mu kuwa daminarmu wata huɗu zuwa biyar ce, sai hunturu, sai bazarar da zafinta ke kai digiri 40. Shi ya sa da yawa suka saya ya mutu a hannunsu, suka yanke hukuncin cewa ba ya yi a ƙasarmu. Yana yi. Sai dai wanda ya ɗauka yawan ruwa ne sirrinsa zai yi ta asara, domin rana da busasshiyar iska ne ke kashe shi tun kafin ƙishi ya kai gare shi.

1. Ku fara da irin da ke da juriya. Wanda ya fi dacewa da mu shi ne mai dogon reshe, dangin da masana ke kira Nephrolepis. A cikinsu akwai wanda aka fi sani da na Boston, wanda aka gano a 1894 cikin kayan shuke-shuken da aka aika wannan birni na Amurka. Rassansa sunkuyowa suke, ya fi kyau a rataye. Akwai kuma mai miƙewa tsaye, wanda idan aka tono shi za a ga 'yan ƙwallaye a saiwarsa. A cikinsu yake ajiyar ruwa, kuma shi nake ba sabon shiga shawarar ya nema. Mai siririn baƙin kara da ganye falan-falan, wato Adiantum, ya fi su kyau a ido, amma yini ɗaya na iskar hunturu ya isa ya ƙone shi. Ku bar shi sai hannu ya faɗa.

2. Ku saya a Yuni ko Yuli, bayan ruwa ya zauna. Galibin irin wannan shuka daga wuraren da suka fi mu laima ake kawo ta, kamar Kaduna, Abuja da Jos, don haka tana bukatar watannin damina ta saba da gidanku kafin iska ta juya. Wanda ya saya a Disamba ya haɗa mata baƙunta da hunturu a lokaci guda. Wurin saye, kada yawan ganye ya ruɗe ku. Ku buɗa tsakiyar shukar ku duba: idan akwai sababbin tsiro a nannaɗe suna shirin warwarewa, lafiyarta ƙalau. Idan tsakiyar ta yi baƙi ko tana wari, ku ajiye ko da kyauta ce. In kuma daga Zariya ko Funtuwa za a taho da ita, a sa ta cikin mota a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Kafin a iso Tsafe iskar hanya ta gama da wadda aka ɗaura a saman mota ko bayan babur.

3. Zaɓen wuri shi ne rabin aikin, saboda haka ku ba shi lokaci. Ku ɗauki yini guda kuna lura da lungun: da hantsi, da azahar, da la'asar. Ranar safe zuwa ƙarfe 9 ba ta cutarwa. Ranar azahar da ta la'asar su ne abin gudu, musamman inda katangar siminti ko rufin kwano ke dawo da zafi.

A yankinmu, daga wajen ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Afrilu rana ta kudu take bi da tsakar rana, don haka gindin katanga ta ɓangaren arewa yana cikin inuwa kusan duk tsawon rani. Amma ga inda gizo ke saƙar: iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, wato wurin da ya fi inuwa shi ne kuma ya fi shan iska. Mafita ita ce kusurwa, inda wani gini, ko zana, ko asabari zai tare gabas da arewa. Daga Mayu zuwa Yuli kuma rana kan dawo bisa kai har ta ɗan karkata arewa, sai wurin da kuka saba gani da inuwa ya wayi gari cikin rana tsaka. Wanda tukunyarsa ke ɗaukuwa sai ya matsa da ita. Wannan na cikin dalilan da suka sa na fi son tukunya a kan dasawa a ƙasa.

Inuwar mangwaro da ta dogon yaro suna da kyau, in dai an ɗora tukunyar a kan bulo, don kada saiwar itacen ta biyo danshi ta shige ta ƙasa. Amma in an tambaye ni wuri mafi albarka a gidan Bahaushe, gindin randa zan nuna. Can ne ƙasa ba ta bushewa, can ne iska ke da ɗan sanyi ko da bazara, kuma can ne uwargida ke zuwa sau da yawa a yini, ba za a manta da shukar ba. Inuwa kuma ba duhu ba ce: a cikin ɗakin da sai an kunna fitila da rana, ganyen zai yi fari ya zube.

4. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba a bazara saboda tana sanyaya saiwa, sai dai ta fi saurin shanye ruwa. Tsohon tulu ko randar da ta tsage duk sun yi. Ko wacce ce, a huda gindinta, a rufa hudar da tsingaro. Gwangwanin ƙarfe kuwa a bar shi, dafa saiwa yake.

Ƙasar da za a zuba ita ce inda aka fi kuskure. Jar ƙasa da laka daskarewa suke, su hana saiwa numfashi. Ku haɗa kashi biyu na ruɓaɓɓen ganye, irin wanda ke taruwa a gindin mangwaro har ya koma baƙi, da kashi ɗaya na yashin rafi, da kashi ɗaya na takin shanu wanda ya shekara, ya daina wari. Ku ƙara ɗan dakakken gawayi da ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa da suka ruɓa. Gwajinsa mai sauƙi ne: a jiƙa, a dunƙula a tafin hannu, a saki. Idan ya wargaje da an taɓa shi da yatsa, ya yi. Toka kada ta kusance shi, haka ma ɗanyen kashin kaji. Wajen dasawa kuma kada a binne tsakiyar shukar inda sababbin tsiro ke fitowa; ta zauna daidai da fuskar ƙasa.

5. Yatsa ne ma'aunin ban ruwa. A cusa shi gaɓa ɗaya cikin ƙasa: in da danshi a bari, in ya fara bushewa a zuba har ruwan ya ɗigo ta ƙasa. Da damina ana iya mako ba a ba shi ba, a Agusta ma sai an kula kada ya zauna ƙarƙashin indararo ya ruɓe. Da hunturu kullum ne ko bayan kwana ɗaya, da bazara safe da yamma.

Na san a unguwanni da yawa ruwa saye ake yi a wurin 'yan ga-ruwa, kuma ba zan ce a hana tukunyar miya a ba tukunyar ado ba. Daidai ruwa daidai tsaki: tukunya biyu masu rai sun fi goma masu wahala. Ruwan alwala ya wadatar, a ajiye roba a ƙarƙashi a tara. Ruwan wanke shinkafa da na wanke ganye duk suna yi, in ba a sa musu gishiri ba. Ruwan wanki mai omo, da na wanke-wanke mai maiƙo, da duk wanda kanwa ta taɓa, ba su yi ba. Idan kuna amfani da ruwan burtsatse kuka ga farin abu yana taruwa a bakin tukunya, gishirin ruwan ne. A kankare shi, kuma sau ɗaya a wata a kwarara ruwa mai yawa ya wanke ƙasar. Ruwan famfo mai warin magani a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba.

6. Hunturu shi ne jarrabawar gaske. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali wannan shuka ta fi jin daɗi in ta haura 50. Alamar farko ita ce bakin ganye ya yi ja ya ƙanƙance, ya riƙa karyewa da an taɓa. Mutane da yawa a nan suke ninka ruwa, sai saiwa ta ruɓe a ƙasa ganye kuma bai daina bushewa a sama ba. Iskar da ke kewaye da ganyen ake gyarawa.

Ku tattara tukwanen wuri ɗaya, su matsu, kowace tana ba 'yar'uwarta laima. Ku kafa zana ta gabas da arewa, ku rataya buhun algarara a jikinta ku riƙa jiƙa shi da safe. Sannan ku ari dabarar Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda tukunya cikin tukunya da ya yaɗa don adana kayan miya: a sa tukunyar shukar cikin wata babba, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa yashin. Abin da ke hana tumatir lalacewa shi ne zai sanyaya saiwar ya kuma ɗaga laima a gindin ganye. Babbar tukunyar ita ma ta kasance da huda, don kada ruwa ya kwanta.

Ƙura ma aiki ce. Sau biyu a mako a yayyafa wa ganyen ruwa sama da ƙasa, da hantsi, bayan sanyi ya sake. Ga ƙananan dashe kuwa akwai tsohuwar hikima: a 1829 wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya ga irin wannan shuka ta tsiro cikin rufaffiyar kwalba tana rayuwa da ɗan danshin da ke ciki, har a 1833 ya aika shuke-shuke cikin akwatunan gilashi zuwa Sidni ta Ostareliya suka isa da rai. A gidanmu babbar gorar ruwa ta roba da aka yanke wa gindi aka kifa a kan dashen za ta yi wannan aikin, muddin tana cikin inuwa kuma an cire murfin.

7. A Maris da Afrilu ku sauko da na rataye, domin zafi a sama yake taruwa, musamman ƙarƙashin kwano. Ku raba tukunya da daɓen siminti, ku ɗora ta kan jiƙaƙƙen yashi. Kada a dasa, kada a raba, kada a sa taki a wannan lokaci. Idan shukar ta tsaya cik ba ta sabon ganye, ba ciwo ba ne, jiran ruwa take. A kuma kiyaye ta da hayaƙin janareta da na murhu, da bakin na'urar sanyaya ɗaki.

8. Kada adon gida ya zama gidan sauro. Wannan ya fi duk sauran muhimmanci a wurina, domin zazzaɓin cizon sauro ba baƙo ba ne a kowane gida a Zamfara. Sauro kan tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin mako guda zuwa kwana 10, kuma ɗan ruwan da ya kwanta a farantin ƙarƙashin tukunya ya ishe shi. A cika farantin da yashi ko tsakuwa har ruwan ya ɓuya, a kuma juye shi duk mako. Robar tara ruwan alwala a yi amfani da abin cikinta ranar, a kife ta. Sannan wuri mai sanyi da danshi yana jan kwaɗi da kunama, wani lokaci har maciji. A share lungun a kai a kai, a daina tara tarkace kusa, kuma a koya wa yara cewa ba a zura hannu ƙarƙashin tukunya. A fara turawa da sanda.

9. Wata rana za ku juya ganye ku ga ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa jere reras a bayansa. Kada ku yanke, kada ku fesa magani. Tunda ba ya fure, a nan yake ajiye garin irinsa, kuma fitowarsu alama ce ta shukar ta girma. Ƙwaro ba ya jeruwa da tsari haka: shi a warwatse yake, har a jikin kara, kuma yakan bar danƙo a ganye. Wanda aka fi gani shi ne ɗan farin nan mai gari a jiki da ke maƙalewa a gaɓoɓi. A goge shi da tsumma da ruwan sabulu marar ƙarfi, bayan awa ɗaya a ɗauraye. Ruwan da aka jiƙa dakakken ganyen dogon yaro ya kwana shi ma yana taimakawa. Maganin feshin gona ya yi wa wannan ganye ƙarfi, kuma maigida kada ya kuskura ya yi amfani da tankin da ya taɓa fesa maganin ciyawa, ko an wanke shi. Gara kuwa ɓawon gyaɗa da karan da ba su ruɓa ba take bi; bulo a ƙarƙashin tukunya da dubawa duk mako sun isa.

10. Taki kaɗan yake so. Rabin ƙaramin cokali na takin zamani 15-15-15 a narke cikin lita 5 na ruwa, sau ɗaya a wata, daga Yuni zuwa Satumba, a kan ƙasar da ta riga ta jiƙa. Yuriya a bar wa masara.

11. Akuya ba ta san ado ba, kaji kuma tonon ƙasa mai danshi suke so. Gidan da ake kiwo, a rataye ko a kewaye da waya. Irin na Boston ba a san shi da dafi ba, amma ba duk danginsa ne haka ba: akwai na daji da ke kashe shanu in sun yawaita cinsa. Saiwar agugu da masu magani suka daɗe suna sayarwa don tsila, wadda wani marubuci mai suna Dalziel ya ambata a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa na 1916, wani iri ne daban, kuma an san yawan shanta na iya taɓa ido har ya makantar. Kada wani ya tono na tukunya ya jiƙa wa yaro. Maganin tsila yana asibiti. Haka kuma akwai wata shuka mai laushin ganye da ƙananan jajayen 'ya'ya da ake sayarwa da sunan fan alhali ba danginsa ba ce. 'Ya'yan nan suna ɓata ciki, a nisanta su da masu rarrafe.

12. Tukunya ɗaya za ta iya zama huɗu ba tare da an sake kashe kwabo ba. Idan shukar ta cika tukunya har saiwa ta leƙo ta huda, a jira farkon damina, a jiƙa ta da daddare, da safe a kife a zaro ta gaba ɗaya. A sa wuƙa mai kaifi a raba dunƙulen gida biyu ko uku, kowane kashi da saiwarsa da sabon tsironsa. A rage tsofaffin rassa, a dasa, a ajiye a inuwa sosai har mako biyu. Akwai kuma siraran zare marasa ganye da take miƙowa waje. Kada a tsinke su duka. A kwantar da ɗaya kan ƙasar wata ƙaramar tukunya a danne da tsakuwa, bayan 'yan makonni zai yi saiwa ya fito da ɗa, sannan a yanke. Wannan shi ne dashen da ya fi dacewa a kai wa maƙwabciya ko amarya, domin ya riga ya saba da iskar garin.

13. Na jikin dutse a bar shi a dutsensa. A tsagar manyan duwatsu irin na Kwatarkwashi da na Tsafe, inda ruwa ke tsattsafowa da damina, ƙananan dangin wannan shuka kan fito su yi wata biyu ko uku, su bushe, su jira baɗi. Saiwarsu a maƙale take cikin tsaga, ba ta ciruwa lafiya, kuma ko ta ciru ba ta zama a tukunya. A Ingila an yi zamani a ƙarni na 19 da sha'awar tara su ta kama mutane har wasu ire-irensu suka kusa ƙarewa a dazukansu. Ban da haka, halin tsaron da yankinmu ke ciki bai bar wa kowa dalilin shiga daji neman ganyen ado ba.

14. In lungun ya yi faɗi, ku haɗa shi da abokan zama masu son inuwa. Moda tana jure ƙishi ƙwarai, sai a jera ta ta bakin iska ta zama garkuwa. Na'a-na'a na son danshin gindin randa, ga shi kuma ana shayi da ita. Gwaza ma faffaɗan ganyenta yana ƙara inuwa da damina.

15. Idan tafiya ta kama, ta biki ko ta aiki, kuma ba wanda za a bar wa amana, a cika jarka da ruwa a ɗora ta kan bulo ta ɗara tukunyar tsawo. A yago tsumman auduga mai tsawo, a jiƙa shi, a nutsa kai ɗaya har gindin jarkar, ɗaya kuma a cusa cikin ƙasar tukunya, a toshe bakin jarkar da tsumma saboda sauro. A gwada kwana biyu kafin tafiyar don a ga yadda ruwan ke sauka. In kuma kun dawo kun tarar ganye ya bushe ƙurmus, kada a yi saurin zubarwa. A aske busassun rassan a bar kamar tsawon yatsa, a tsoma tukunyar cikin bahon ruwa na rabin awa, a tsame ta ta tsane, a mayar da ita inuwa. A kankare gindin da farce: muddin cikinsa da tauri da ɗan kore, a ci gaba da ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, a ba shi mako huɗu zuwa shida kafin a yanke masa hukunci.